Nauyin da ke kan ɗan koyon sana'a a Zariya

Ɗan koyo, wanda a kasuwa aka fi kira yaron shago ko yaron gareji, shi ne wanda aka damƙa wa gwani domin ya koyi sana'a a hannunsa. Gwanin shi ne maigida ko ubangida, a garejojin Sabon Gari da Tudun Wada kuwa an fi jin "oga". Akasarin abin da ake nema daga yaron ba a rubuce yake ba. Al'ada ce ta tsara shi, kuma a kan amana ta ɗora shi.

Asali

A tsohon Birnin Zazzau sana'a gado ce. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, ɗan marini a karofi, ɗan baduku a cikin fatu. Manyan sana'o'i suna da shugabanni naɗin fada, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Fawa, waɗanda a da suke tara harajin sana'a, suna kuma sasanta rigimar da ta taso tsakanin mutanensu. Tun da mai koyon ɗan gida ne, biyayyarsa ga uba da biyayyarsa ga mai koyarwa abu guda ce.

Wanda ba ɗan gida ba, mahaifinsa ne yake kai shi da goro a gaban shaidu, ya ce "ga amana nan", a shafa fatiha. Daga ranar ya zama yaron gidan. A nan yake ci, sau da yawa a nan yake kwana, in damina ta faɗi kuma da shi ake zuwa gonar maigida, domin yawancin sana'o'in nan da rani suke bunƙasa.

Koyon yana hawa ne daki-daki, kuma kowane mataki da nasa aikin. A maƙera yaro yakan daɗe yana ɗauko gawayi yana zuga kafin a miƙa masa awartaki, balle masaba. Wurin magina, nasa ne ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa da mulmula tubali da jefa wa magini a saman bango, sai bayan shekaru ake barinsa ya sa hannu a ɗaurin guga, wato ginin bakan da ke ɗauke da rufin soro. Wannan tarbiyya ce ta riƙe fasahar gidan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830 ko farkon 1840. A ɗinkin babbar riga da hula, wanda Birnin ya yi suna da shi, ɗan koyo yana farawa da cike zanen da mai zane ya shata. Da yawa daga masu wannan aiki almajirai ne da ke riƙe kansu da allura.

Wajibai

Yaro yakan riga maigida isa wurin aiki, ya share, ya fito da kayan aiki, da yamma ya ƙirga su ya mayar. Sifana ko almakashin da ya ɓace a hannunsa, shi za a tambaya. Yana zuwa aike, yana gaida maigida a durƙushe, yana kuma bin umarnin babban yaron shago, wanda a zahiri shi ne yake koya masa mafi yawan aikin.

Mafi nauyi shi ne amana. Ba ya yanka wa mai kawo aiki kuɗi sai da izini, ba ya karɓar aiki a ɓoye, ba ya janye wa maigida abokan ciniki, ba ya taɓa kayan mutane da aka bari a shago. Asirin sana'a, har da laƙanin ƙuna da ake dangantawa da maƙera, ba ya fita da shi waje. Barin aiki kafin yaye abin kunya ne gare shi da wanda ya kawo shi. Shi kuma maigida ana sa ran ya ba shi abinci da kuɗin kashewa da kayan sallah, ranar yaye kuma ya sa masa albarka, wani har ya haɗa masa da kayan aiki.

Zamani

Isowar jirgin ƙasa wajajen 1911 da kafuwar Sabon Gari sun kawo kanikanci da kafinta da ɗinkin keke, daga baya walda da gyaran waya. A nan ne biyan kuɗin koyo da ƙayyade shekaru suka yaɗu. 'Yan mata sun fi koyon ɗinki da saƙa, galibi a cikin gidaje.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta yarda iyaye su ba da yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba koyon sana'a, da yardarsa, a rubutacciyar yarjejeniyar da ba ta wuce shekara 5 ba, jami'in ƙwadago kuma ya shaida. Ba kasafai ake bin wannan tsari a shaguna ba.

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli suna fita horon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shi a 1973. Wajibinsu zuwa kan lokaci, kiyaye dokokin ma'aikata, da cike littafin aikin yau da kullum wanda mai duba su yake sa wa hannu.

Saɓani

Ana saɓani kan aikace-aikacen gida da jinkirta yaye. Iyayengiji suna ɗaukar su tarbiyya, wasu iyaye da masu kare haƙƙin yara suna ganin ci da gumin yaro ne.