Wi-Fi ɗaya, rassa da yawa: yadda SDN ke haɗa su

A ɗauka kamfani yana da hedikwata a Legas, reshe a Kano, wani a Abuja, ga kuma rumbun ajiya a bayan gari. Masu kamfanin suna son ma'aikaci ya buɗe kwamfutarsa a kowane ofis ta hau Wi-Fi da kanta, ya samu abin da aka ba shi izini kawai. Ga tambayoyin da kan taso idan aka zo tsara wannan aiki.

Me SDN ya canza a harkar Wi-Fi?

A da, kowace rauta da kowane suwic, wato na'urorin da ke kai data inda za ta, shi ke yanke wa kansa hukunci, injiniya kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saiti. SDN, wato tsarin sarrafa netwok da manhaja daga wuri guda, ya raba aikin gida biyu: mai yanke shawara daban, mai ɗaukar kaya daban. Kamar tashar mota ne, ofishin ƙungiya ke faɗin motar da ke kan layi, direbobi su kwashi fasinja. Tunanin ya yi ƙarfi ne daga jami'ar Stanford ta Amurka, inda aka fito da OpenFlow, ƙa'idar da mai yanke shawara ke ba suwic umarni da ita, a 2008.

Masu Wi-Fi ma sun daɗe a kan wannan hanya. Na'urorin da ake mannawa a silin, waɗanda ake kira AP, tuntuni suke karɓar umarni daga kwantirola guda, wato na'urar da ke sarrafa su, ta hanyar CAPWAP, ƙa'idar da aka daidaita a 2009. Abin da SDN ya ƙara shi ne doka ɗaya ta hau kan mai waya da marar waya baki ɗaya, a duk rassa.

Ai sai a sa suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a ko'ina, ko ba haka ba?

Zai yi aiki, amma ba na ba kowa wannan shawara. Kalmar sirrin da mutum 300 suka sani ta riga ta zama labarin kasuwa, kuma ranar da aka sallami ma'aikaci ɗaya sai an canza wa kowa. Hanyar da ta dace ita ce 802.1X: kowa ya shiga da sunansa ko da takardar shaida ta lantarki da ke cikin na'urarsa, sabar RADIUS ta tantance shi, ta faɗi rukuninsa. Mai lissafin kuɗi ya shiga rukunin kuɗi, baƙo ya samu intanet kawai, kyamarar tsaro ta yi magana da sabarta ita kaɗai. Da irin wannan tsari eduroam ke aiki, wanda ke barin ɗalibin wata jami'a ya hau Wi-Fi na wata da shaidarsa ta gida.

Dole ne duk data ta bi ta hedikwata?

A nan ake yawan tafka kuskure. A tsohon tsari, AP na naɗe duk abin da mai amfani ya aika cikin bututun CAPWAP ya kai wa kwantirola. Idan kwantirola na Legas, ma'aikaciyar Kano da ta tura takarda zuwa firintar da ke gefen teburinta, sai takardar ta je Legas ta dawo. An biya kuɗin layi sau biyu a kan abin da bai kamata ya bar ɗakin ba.

Mafita ta farko ita ce umarni ya ci gaba da zuwa daga tsakiya, data kuma ta sauka a suwic na reshe. Cisco na kiran nasa FlexConnect. Masu sarrafawa ta intanet irin su Meraki ma haka suke: saiti daga nesa, data a gida.

Ta biyu ita ce ta SDN sosai, kamar SD-Access na Cisco. A nan AP na naɗe data da VXLAN, wani bututu na daban, ya miƙa wa suwic mafi kusa. Kwantirola ba ta taɓa datar, aikinta ta sanar da wani kundin adireshi mai aiki da ƙa'idar LISP cewa wane yanzu yana bayan suwic kaza. Idan mutum ya tashi daga bene na ɗaya zuwa na uku, kundin kawai ake gyarawa, adireshinsa na IP bai canza ba. Akwai wata riba kuma: VLAN na gargajiya, wato ɓangarorin da ake raba netwok zuwa gare su, bai wuce 4,094 ba, VXLAN kuwa yana ba da kusan miliyan 16, kuma alamar rukunin mutum na tafiya cikin kowane ƙunshin data da aka aika. Doka na bin mutum ke nan duk inda ya zauna.

Kwantirola ɗaya za ta iya riƙe duk rassan?

Nisa ke ba da amsa. Haske a cikin fayiba na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 na cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Kano zuwa Legas kusan haka ne, tun kafin a lissafa kwane-kwanen layi da jinkirin na'urorin da ke hanya. A tsarin SD-Access, Cisco ya ƙayyade kada jinkiri tsakanin AP da kwantirola ya wuce milisakan 20. Rarar da ta rage ta yi ƙanƙanta, ni dai ba zan ɗora aikin kamfani a kanta ba. Shi ya sa ake ba kowane babban reshe kwantirolarsa, ko da irin wadda ke zaune cikin suwic ce, a bar tsara doka kaɗai a tsakiya.

FlexConnect ya fi haƙuri, yana ɗaukar har milisakan 300. Amma reshen da ke kan VSAT na tsohon yayi, wato layin tauraron ɗan'adam, inda zuwa da dawowa ke kaiwa kusan 600, ya fita daga lissafin.

Idan layi ya yanke fa?

Ba "idan" ba ce, ranar za ta zo. Mai gyaran titi zai tsinke fayiba, ko wuta ta ɗauke a wani wuri da ba naka ba. Abin dubawa shi ne me zai rage a reshe. A FlexConnect, waɗanda suka riga suka hau za su ci gaba da aiki a cikin gida. Wanda ya zo sabo kuwa ba zai shiga ba idan sabar RADIUS na hedikwata kaɗai take. Saboda haka a ajiye ta biyu a reshe, tare da DHCP mai raba adireshi da DNS mai juya suna zuwa adireshi, duk na gida. A samu layi na biyu daga wani kamfani daban, SD-WAN, wato SDN na layukan da ke haɗa rassa, ya riƙa juya kaya zuwa mai lafiya. Kada a manta AP na samun wuta ne daga suwic ta wayar netwok, suwic ɗin da ba ya kan batir zai tafi da Wi-Fi ɗin bene gaba ɗaya.

A gwada wannan da gangan kafin a miƙa aiki: a zare layin, a kawo sabuwar kwamfuta, a ga ko za ta hau.

Kira zai ci gaba idan na tashi daga wannan reshe zuwa wancan?

Tsakanin gine-ginen harabar guda, ƙwarai, da taimakon 802.11r, ƙa'idar da ke saurin miƙa mutum daga wannan AP zuwa wancan. Tsakanin garuruwa ba a buƙata. Wanda ya baro Kano zai karɓi sabon adireshi a Abuja, izininsa dai na nan yadda yake.

Wace matsala ce ta fi ɓuya?

Girman ƙunshi. Ethernet, wato netwok mai waya, na ɗaukar bayit 1,500 a ƙunshi ɗaya, VXLAN na ƙara 50 a kai, IPsec mai ɓoye sirrin data ma ya ƙara nasa. A cikin gida ana ɗaga MTU, wato iyakar girman ƙunshi, zuwa 9,100 a huta, amma layin haya tsakanin garuruwa sau da yawa ba ya bari. Alamarta na ruɗarwa: gwajin ping, mai aika ɗan ƙaramin ƙunshi, na tafiya lafiya, wasu shafuka na buɗewa, wasu su tsaya cak, shiga da takardar shaida kuma ya riƙa faɗuwa domin ƙunshinsa manya ne. Sai a yi kwanaki ana zargin AP alhali ba ruwansa. Kafin a sa hannu a kwangilar layi, a tambayi kamfanin MTU nawa yake bayarwa, a sa ya rubuta a takarda, sannan a auna da kai a rage TCP MSS, wato girman datar da ake cusawa a ƙunshi ɗaya, daidai da abin da aka samu.