Yankari da Maƙwabtanta: Kira ga Ƙauyukan Bakin Daji

Tun a shekarar 1956 aka keɓe dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, sannan ya dawo hannun gwamnatin jiha daga hannun gwamnatin tarayya a 2006. Baƙin da ke shigowa ta ƙofar Mainamaji suna zuwa ne don ganin giwa da ɓauna da dorina a bakin kogin Gaji, da kuma wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Dabbobin nan ba za su ɗore ba sai da yardar mutanen Duguri da Pali da Gwana da sauran maƙwabtan dajin.

A matsayina na malamin gona, na san ciwon da ke ran manomi idan giwaye suka kwana a gonarsa, ya wayi gari ya tarar wahalar damina guda ta bi ruwa. Mai wannan asara ba ya bukatar dogon wa'azi, taimako yake bukata. Shawarata ita ce, duk wanda ya ga sawun giwa kusa da gonaki ya hanzarta sanar da mai unguwa da jami'an tsaron daji, kafin fushi ya kai wani ga ɗaukar bindiga ko zuba guba. Hayaƙin barkono yana korar giwa, haka kuma tana gudun ƙudan zuma, saboda haka amya da aka rataya a gefen gona tana yin gadi, tana kuma ba da zumar da baƙo zai saya da daraja.

Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da arɗaɗɗan Fulani su tsaya tsayin daka wajen hana cinna wa daji wuta da rani, da ɗana tarko, da shigar da shanu cikin gandun, domin cuta tana iya ratsawa tsakanin dabbar gida da ta dawa.

Su ma hukumomi akwai haƙƙi a wuyansu. Ya kamata a riƙa ɗaukar samarin yankin aikin rakiyar baƙi, tunda su suka san lungu da saƙon dajin, a ware wa mata wurin sayar da tabarmi da faifai da abinci, a kuma zauna da wakilan ƙauyuka kafin a yanke duk wata shawarar da ta shafi gonakinsu da wuraren kiwonsu.