Waiwaye: Alfarmar Tsofaffin Fasinjojin Jiragen Ruwan Shaƙatawa, Daga Ƙidayar Kwanaki Zuwa Ƙidayar Daloli

Duk wanda zai hau jirgin ruwan shaƙatawa a tashar Miami ko ta Southampton ana danƙa masa ɗan katin roba guda ɗaya, wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidarsa duk lokacin da zai sauka ko zai koma cikin jirgi, kuma da shi yake sayen komai har tafiyar ta ƙare. Launin katin kuwa yana faɗin tsawon zaman mai shi da kamfanin. A tsarin da kamfanin Carnival ya kafa a 2012, wanda ya zo karon farko shuɗi ake ba shi, idan ya dawo ya karɓi ja, in ya cika kwana 25 a teku ya koma ruwan zinare, a kwana 75 ya kai matakin Platinum, a kwana 200 kuma ya zama Diamond, wanda babu wani mataki a samansa. Fasinjoji da yawa a wuya suke rataya katin, saboda haka ma'aikacin jirgi da abokin zaman teburi duk suna gane matsayin mutum tun bai buɗe baki ba.

A watan Yunin 2025 Carnival ya sanar da cewa zai jingine wannan tsari ya kawo wani da zai riƙa auna fasinja da kuɗin da ya kashe, sanarwar da ta tayar da ƙurar da ba a saba gani ba a wannan harka. Ba za a fahimci zafin da tsofaffin fasinjoji suka ji ba sai an duba yadda alkawarin matsayin da ba ya ƙarewa ya samo asali.

A ƙarni na 19 da rabin farko na ƙarni na 20 jirgin ruwa hanyar sufuri ne kawai. Lokacin da jirgin Britannia na kamfanin Cunard ya tashi daga Liverpool zuwa Halifax da Boston a 1840, wasiƙu da matafiya masu buƙata ya ɗauka, kuma mai buƙatar ƙetare tekun Atlantika ba sai an lallashe shi ya dawo ba. An yi tafiye-tafiyen nishaɗi tun a wancan zamani, domin P&O ya fara kai masu yawon buɗe ido tekun Bahar Rum a 1844, a 1900 kuma kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus ya ƙera Prinzessin Victoria Luise domin shaƙatawa zalla, amma wannan harkar masu hannu da shuni ce, kuma karramawar da ake yi wa wanda ya saba zuwa ta sanayya ce: ma'aikacin da ya tuna sunansa, da gayyata zuwa teburin kyaftin. Jiragen sama masu injin jet da suka fara ƙetare Atlantika a watan Oktoban 1958 su suka rusa kasuwar jigilar matafiya ta jirgin ruwa. Kamfanonin da suka tsira, da sababbin da suka kafu a Miami, wato Norwegian a 1966, Royal Caribbean a 1968 da Carnival a 1972, dole suka koma sayar da zaman cikin jirgin kansa. Daga nan matsalar riƙe abokin ciniki ta kunno kai, domin wanda ya zo hutu bana yana iya zaɓar otal ko wata ƙasa baɗi.

Lissafin kasuwancin shi ya sa dawowar fasinja ke da daraja sosai. Jirgi zai tashi a ranar da aka tsayar ko ya cika ko bai cika ba, kuɗin mai da albashin ma'aikata kusan ɗaya ne, kuma ɗakin da ya tafi babu kowa ba a sake sayar da shi. Bayan kuɗin tikiti, manyan kamfanonin suna samun kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga abin da ake kashewa a cikin jirgi: abin sha, gidan caca, intanet, gidajen abinci na musamman da yawon da ake shiryawa a garuruwan da aka yada zango. Jawo sabon mutum yana cin kuɗin talla mai yawa, alhali wanda ya taɓa zuwa wasiƙa ɗaya tana iya dawo da shi. Ƙungiyoyin tsofaffin fasinjoji na farko ba su wuce haka ba: ƙaramar liyafa da kyaftin, ɗan baji da ake maƙalawa a riga, mujalla ta gidan waya da ɗan rangwame. Holland America ya riƙe wani abu na wannan tsohon salo, yana ba da lambar tagulla ga wanda ya cika kwana 100, ta azurfa a kwana 300, ta zinare a 500, ta platinum a 700, ga kuma ƙananan tayil masu zanen shuɗi irin na garin Delft da fasinjojinsa ke tarawa a gida.

Tsarin matakai da maki kuwa daga kamfanonin jiragen sama aka aro shi. Bayan Amurka ta sakar musu mara wajen tsayar da farashi a 1978, American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage a watan Mayun 1981, inda kwamfuta ke ajiye lissafin kowace tafiya. Kamfanonin jiragen ruwa sun kwaikwayi matakan, amma suka sauya abu guda wanda shi ne tushen rigimar yau. A jirgin sama ana sabunta matsayi duk shekara, domin ɗan kasuwa yana iya hawa jirgi sau da yawa a wata. Mai shiga jirgin ruwa kuwa galibi sau ɗaya yake zuwa a shekara, wani ma sai bayan shekara biyu ko uku, don haka matsayin da ke mutuwa a ƙarshen shekara ba zai ja hankalinsa ba. Sai yawancin kamfanonin suka mayar da lissafin na tsawon rai: kwanakin da aka tara ba sa raguwa, matakin da aka taka ba a sauka daga kansa. A lokacin da jiragen ba su da yawa kuma masu dawowa 'yan ƙalilan ne, wannan alkawari ne mai sauƙin ɗauka.

Abin da ake samu a saman tsanin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A Crown & Anchor Society na Royal Caribbean ana ba da maki ɗaya a kowane dare, Diamond yana farawa daga maki 80, wanda ya yi kusan daidai da tafiyar mako-mako sau goma sha biyu, Diamond Plus daga 175, sai Pinnacle a maki 700, wato kusan shekara biyu cur a kan ruwa, kuma a nan ne ake ba da tafiya kyauta. A Captain's Circle na Princess, wanda ya yi tafiya 15 ko kwana 150 ya zama Elite, ana yi masa wanki da guga ba tare da ya biya ba. Masu tsada irin Silversea su ne ke taɓa farashi kai tsaye, da rangwamen kashi 5 cikin ɗari bayan kwana 100 da kashi 10 bayan kwana 250.

Wankin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin tsofaffin fasinjoji suna yawan ambatonsa fiye da liyafa. Mutum ya cusa kayansa a jakar takarda, ya cike 'yar takardar lissafi, ya bar wa mai gyaran ɗaki, bayan kwana ɗaya ko biyu ya tarar da su a rataye. Ga wanda zai yi wata guda a teku wannan yana rage masa kaya da kuɗi na gaske, ga kamfani kuwa injinan wanki suna aiki dare da rana saboda zannuwan gado da tawul, ƙarin riga goma ba komai ba ne. Sauran alfarmar ma yawancinta haka take, har wasu sun fi wannan araha: layi na daban wajen hawa, fara shiga ƙananan kwale-kwalen da ke kai mutane gaɓa, fara zaɓar lokacin cin abinci. Gyaran da mai sayar da hatsi ke yi wa wanda ya saba saye a wurinsa daga buhunsa yake fita, amma gabatar da mutum a layi daga lokacin sauran fasinjoji ake yankowa, kamfani bai yi asarar komai ba. Raunin irin wannan kyauta shi ne ba ta da amfani sai masu ita sun kasance kaɗan.

Kuɗi ya fara shigowa lissafin tun kafin 2025, sai dai a hankali. Da farko wasu kamfanoni yawan tafiye-tafiye suke ƙirgawa, abin da ya sa mazaunin Florida da ke shiga tafiyar kwana uku zuwa Bahamas yake riga wanda ya biya doguwar tafiya hawa mataki. Royal Caribbean ya koma ƙidayar darare a 2011, yana ninka maki ga wanda ya kama babban ɗaki mai falo. Holland America kuma yana ƙara wa fasinja kwana ɗaya a lissafi kan kowace dala 300 da ya kashe a cikin jirgi. Alamar cunkoso ma ta bayyana da wuri, domin a 2009 Royal Caribbean ya hana masu Diamond shiga zauren da suke tarayya da masu manyan ɗakuna saboda wurin ya daina ɗaukarsu, kuma ƙorafin da ya biyo baya ya yi kama da wanda aka ji a 2025 a Carnival. A doguwar tafiyar da jirgi ke yi idan ana mayar da shi daga Turai zuwa Karibiyan a ƙarshen kaka, wadda masu ritaya suka fi cikawa, layin manya yakan fi layin kowa da kowa tsawo. Akwai ma waɗanda suka mayar da jirgi gida, irin su Mario Salcedo, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana zaune a jiragen Royal Caribbean.

Annobar korona ta ƙara wa lamarin nauyi ta fuska biyu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da tashin jiragen a ranar 14 ga Maris 2020, kuma babban jirgi bai sake barin tashar Amurka da fasinjoji masu biya ba sai Celebrity Edge a ƙarshen Yunin 2021. Kamfanoni sun ciwo bashi mai yawa don su rayu, na rukunin Carnival kaɗai ya haura dala biliyan 30. Da aka buɗe, tsofaffin fasinjoji ne suka fara dawowa, sau da yawa a farashi mai rahusa, suka tara kwanaki da sauri. Sannan kasuwar ta cika ta batse: ƙungiyar kamfanonin, CLIA, ta ƙirga fasinja miliyan 29.7 a 2019, miliyan 31.7 a 2023, da miliyan 34.6 a 2024. Kamfanin da ake bin sa bashi yana biya, kuma jiragensa suna cika ba tare da roƙo ba, dole ya fara tambayar wane fasinja ne ya fi kawo riba, mai kwana 200 a ƙaramin ɗaki marar taga ko iyalin da suka zo sau biyu suka kashe dubban daloli. A wannan tsakanin ne kuma Crystal Cruises ya durƙushe a farkon 2022, aka kama jiragensa biyu a Bahamas kan bashin mai, makomar kwanakin da fasinjojinsa suka tara ta koma hannun wanda zai sayi sunan kamfanin. Sharuɗɗan waɗannan tsare-tsare dama suna ba kamfani ikon sauya su ko soke su duk lokacin da ya ga dama, ko da yake ba kowa ke karanta wannan sashe ba.

Hujjar da Carnival ya bayar ita ce masu Platinum sun ninka tun 2021, masu Diamond kuma sun ninka fiye da sau uku, har ya zama a wasu tafiye-tafiye ba ya iya cika alfarmar da ya yi alkawari. A sabon tsarin, mai suna Carnival Rewards, kowace dala tana kawo tauraro uku, Platinum yana buƙatar tauraro 50,000, Diamond 100,000, kuma duk shekara biyu ake sake lissafi. Ma'ana, riƙe Diamond zai ci kimanin dala 33,000 a shekara biyu, sai dai in mutum ya haɗa da amfani da katin bashi mai sunan kamfanin, wanda shi ma yake tara taurari. Wannan ita ce hanyar da jiragen sama suka riga suka bi, Delta da United a 2015, American a 2016, kuma Delta ya sha irin wannan suka a 2023 har ya janye wani ɓangare na sauyinsa. Carnival ma ya sassauta bayan 'yan watanni, ya amince waɗanda suka kai Diamond kafin sauyin su riƙe shi har abada. A ganina hujjar cunkoson gaskiya ce, amma ba ta wanke kamfanin duka ba, domin shi ya tsara tsanin, shi ya ƙara jirage, shi kuma ya yi shekaru yana kwaɗaitar da mutane su zaɓe shi a kan wasu saboda matsayin da ba ya ƙarewa. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai kwana 150 ko 180, wanda ya yi nisa amma bai kai ba.

Abokan hamayya wata hanyar suka kama. Kamfanin jiragen ruwa na MSC tun 2015 yake karɓar shaidar matsayin da mutum ke da shi a wani kamfanin jirgin ruwa ko otal ya ba shi makamancinsa, dabarar da ta dace da kamfanin da ke neman shiga kasuwar Amurka. Rukunin Royal Caribbean a 2024 ya daidaita matakan kamfanoninsa uku, wato Royal Caribbean da Celebrity da Silversea, ta yadda matsayi a ɗaya yake aiki a sauran, rukunin Norwegian ma ya yi irin haka a 2025. Wannan yana riƙe fasinja a cikin gida ɗaya yayin da shekarunsa da aljihunsa suke sauyawa, amma yana ƙara yawan masu alfarma a kowane jirgi. Royal Caribbean har yanzu darare yake ƙirgawa kuma ba ya sauke kowa daga mataki, alhali jirginsa Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600 a tafiya guda, kowannensu kuma yana sauka da aƙalla maki bakwai a ƙarshen mako.