Waiwaye: Yadda jinin Hurry On ya bar filin sukuwa ya koma tsallaken shinge

Dokin da Steve Guerdat na Suwizalan ya hau ya ci zinare a tsallaken shinge a gasar Olamfik ta Landan a 2012, sunansa Nino des Buissonnets. In aka bi salsalarsa ta wajen uba, za a tarar da Kannan, sai Voltaire, sai Furioso II, sai Furioso, sai Precipitation, a ƙarshe a dire kan wani jibgegen jan ingarma mai suna Hurry On, wanda aka haifa a Ingila a 1913. Shi wannan kakan ba da tsallake aka san shi ba. Sukuwa ce aikinsa.

Saboda girman jiki, Hurry On bai nuna da wuri ba, sai da ya shekara uku aka fara fitar da shi. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shiga tsere shida a hannun mai horarwa Fred Darling, ya cinye su duka, har da tseren da aka yi a madadin St Leger, ɗaya daga manyan tseren Ingila, na wannan shekarar. Da aka mayar da shi barbara, 'ya'yansa uku suka ci Derby, tseren da ya fi shahara a Ingila: Captain Cuttle a 1922, Coronach a 1926, Call Boy a 1927. Ɗansa Precipitation kuma ya ci Kofin Zinare na Ascot a 1937, tseren da ya kai kimanin kilomita huɗu, wanda ba ya cinyuwa sai ga doki mai dogon numfashi. Wannan juriya ita ce gadon gidan, kuma ita ce kasuwar sukuwa ta juya wa baya daga bisani, da masu kuɗi suka koma neman dawaki masu saurin nuna da gajeren zango.

Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Furioso, ɗan Precipitation da aka haifa a 1939, ya shiga tsere 21 bai ci ko ɗaya ba. A idon 'yan sukuwa ba shi da wani amfani. Faransawan da suka saye shi a 1946 wani abu daban suka gani: ƙashi mai kauri, kafaɗa mai kyau, da tafiya a daidaice. Suka kai shi bargar gwamnati ta Haras du Pin a Normandi, aka riƙa kawo masa goɗiyoyin manoman yankin, masu jiki da ƙarfin baya.

Lokacin ma ya dace da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tarakta ta ƙwace wa doki aikin gona, sojoji kuma suka sauka daga sirdi suka shiga mota. Makiyayan Faransa da Jamus suka wayi gari da dawakin jan garma da keke waɗanda ba mai saye. Mafita ɗaya ita ce wasanni, kuma dokin garma ba zai iya ba sai an sirka shi da jini mai zafi. A takardar asalin doki, haruffan xx a bayan suna su ne alamar tsantsar jinin sukuwa na Thoroughbred, kuma a shekarun nan ne alamar ta cika takardun Turai.

'Ya'yan Furioso ba su ba da kunya ba. Pierre Jonquères d'Oriola ya ci zinaren Olamfik a Tokiyo a 1964 a kan Lutteur B, bayan shekara biyu ya zama zakaran duniya a kan goɗiya Pomone B, dukansu na Furioso. Furioso II, haihuwar 1965, mai kiwon dawaki Georg Vorwerk ne ya kai shi Oldenburg a Jamus, kuma daga tsatsonsa aka sami For Pleasure, wanda ya taimaki tawagar Jamus ta ci zinare a Atlanta a 1996 da Sidni a 2000, da kuma Voltaire wanda ya yi zamansa a Holan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne uwar Furioso, wato Maureen, 'yar Son-in-Law, wani gwanin dogon zango. Ta wannan gefen ma jinin ya sake ɓullowa sau biyu. Ingarma Rantzau xx jikan jikan Son-in-Law ne, kuma an san 'ya'yansa da tsallake da kuma taurin kai. A 1968 aka haifi Cor de la Bryère, ubansa Rantzau, uwarsa jikar Furioso. Masu tantance ingarmu a Faransa suka ba da shawarar a dandaƙe shi. Allah ya sa mai shi bai bi ba, aka sayar da shi zuwa yankin Holstein na Jamus a 1971, inda ya gyara wa dawakin yankin naɗe ƙafafun gaba da lanƙwasa baya a saman shinge, ya rayu har 2000. Can ya tarar da 'ya'yan Cottage Son xx, shi ma jikan Son-in-Law, da na Ladykiller xx, jikan Blue Peter wanda ya ci Derby a 1939. Ladykiller shi ya haifi Landgraf I da Lord, manyan ingarmun Holstein. Duk wannan ya faru ne a yankin da gwamnati ta rufe bargarta ta Traventhal a 1960 saboda ganin zamanin doki ya wuce, makiyaya suka karɓi ingarmun da kansu.

A filin sukuwa kuwa, reshen Hurry On ya kusa ƙarewa. Shi ɗan gidan Godolphin Arabian ne, ɗaya daga ingarmu uku da suka kafa jinin Thoroughbred, ta hanyar jikansa Matchem, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na dawakin sukuwa na yau ta wajen uba suna komawa ne ga wani daga cikin ukun, Darley Arabian, wanda aka kawo Ingila daga Halab ta Siriya a 1704.

Damuwata ita ce masu kiwon dawakin tsallake su ma sun fara janye hannu daga rijiyar da suka sha. A 1984 a Los Anjalis, tsantsar Thoroughbred ce, goɗiya Touch of Class, ta ci zinare da Joe Fargis. Yau da wuya a ga irinta a wannan mataki. Dalilin a bayyane yake: mai goɗiya yana son dukushin da zai sayu da wuri, don haka ingarman da ya yi suna a fili yake nema, kuma tunda an yarda da barbara ta allura a dawakin tsallake, abin da dokokin Thoroughbred suka haramta, ingarma ɗaya na iya haifar ɗaruruwa a shekara a ƙasashe da dama. Sirki da xx kuma sau da yawa sai a jikoki yake nuna amfaninsa, ga tsadar jira. Ga shi kuwa filayen yau, da sandunansu marasa nauyi da ƙurarren lokaci da shingen da ke kai mita 1.60, doki mai zafin nama da saurin fahimta suke buƙata. A takardun manyan ingarmun da ake rububi yanzu, sai an gangara layi na uku ko na huɗu kafin a ci karo da xx na farko.