Bashin Tallafin Gwamnati: Biya da Yafewa

Bashin tallafin gwamnati shi ne kuɗi ko kayan aiki da ƙaramin ɗan kasuwa ko manomi ya karɓa a ƙarƙashin shirin rage talauci bisa sharaɗin zai mayar. Ya bambanta da tallafin kyauta, irin naira 5,000 ta kowane wata da aka tsara wa gidajen marasa galihu cikin shirye-shiryen da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɓullo da su a 2016.

A Bauchi da Gombe an san TraderMoni, wanda aka soma a 2018 ta hannun Bankin Masana'antu. Mai kayan miya, irin na kasuwar Wunti ko Muda Lawal, a lokacin yakan karɓi naira 10,000 ba jingina, ya biya cikin wata shida, sannan ya cancanci wanda ya fi shi. Manoman shinkafa kuwa shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya suka fi sani. An buɗe shi a Kebbi a 2015: a lokacin akan ba manomi iri da taki, ya biya da amfanin gona bayan girbi.

Wajen biya ne aka sha rigima. Da yawa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, musamman da rabon TraderMoni ya zo daf da zaɓen 2019. Wasu kuma niyyar biya suna da ita, ambaliya ce ko ƙarancin ruwa ya cinye gonar. Haɗa waɗannan biyun a kwando ɗaya zalunci ne ga na biyun.

Mutane kan rikita yafewa da ɗage lokacin biya. A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, Buhari ya ba waɗanda suka ci bashin TraderMoni da takwarorinsa MarketMoni da FarmerMoni hutun biya na wata uku. Jinkiri ne kawai, bashin na nan a wuyansu. Malamai kan kafa hujja da aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yafe masa kuma ya fi alheri.

Tun daga Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga duk wani asusun wanda ya ci bashin bai biya ba. Ta haka wasu da suka karɓi rancen korona na bankin NIRSAL, suna zaton kyauta ne, suka wayi gari an zare musu kuɗi.