Ma'anar kulle shafi a ƙwaƙwalwar kwamfuta

Tsarin aiki irin su Linux da Windows ba ya riƙe ƙwaƙwalwar RAM a dunƙule. Yana yanka ta gunduwa-gunduwa ne, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a yawancin injinan x86 girman shafi bayit 4096 ne. Idan RAM ta fara cika, sai tsarin ya ɗauki shafin da aka daɗe ba a taɓa ba ya kai shi faifai, wurin da ake kira swap. Da manhaja ta sake neman shafin, dole ta dakata har a dawo da shi.

Kulle shafi shi ne a ce wa tsarin: wannan kada ka fitar da shi daga RAM. Iyakar ma'anar ke nan. Bai hana karantawa ko rubutawa a shafin ba, wannan aikin wani umarni ne daban mai suna mprotect.

A Linux ana kulle yanki da mlock(adireshi, tsawo), a buɗe da munlock. Mai son kulle komai sai ya kira mlockall: MCL_CURRENT na kulle abin da ke hannu yanzu, MCL_FUTURE kuma na kulle duk abin da za a ware nan gaba. A Windows takwarorinsu su ne VirtualLock da VirtualUnlock.

Mutum biyu ne suka fi buƙatarsa. Akwai mai rubuta manhajar da jinkirin ƙiftawar ido ke ɓata mata aiki, kamar sarrafa sauti ko tuƙa injin masana'anta. Sai mai riƙe sirri, kamar GnuPG, manhajar ɓoye bayanai, wanda ba ya son makullin sirri ya sauka a faifai ya yi shekaru a can.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne, kullewa da shafi take tafiya, ba da bayit ba. Ka kulle bayit 32, shafin gaba ɗaya ka kulle. Kuma a Linux ba a ƙirga sau nawa aka kulle: ko sau goma ka kira mlock, munlock ɗaya ta warware shi. To, idan malloc, mai ware wa manhaja wuri a ƙwaƙwalwa, ta ajiye makullan sirri biyu a shafi ɗaya, ka gama da na farko ka buɗe, na biyun ma ya buɗu ba tare da wani gargaɗi ba. Mafita ita ce a ware shafuka na musamman da mmap, umarnin da ke karɓo cikakkun shafuka daga tsarin, a tambayi girman shafi da sysconf(_SC_PAGESIZE) maimakon a yi zato.

Akwai kuma iyakar yawan abin da manhaja za ta iya kullewa, RLIMIT_MEMLOCK, wadda ake gani da ulimit -l. An daɗe tana kilobayit 64, sai a Linux 5.16 aka ɗaga ta zuwa megabayit 8. Wanda ya wuce ta ba tare da izinin CAP_IPC_LOCK ba, mlock za ta dawo da -1 da kuskuren ENOMEM. A duba wannan amsar kullum, don manhajar da ta yi biris da ita za ta ci gaba da aiki tana zaton sirrinta a kulle yake. Da MCL_FUTURE abin ya fi muni, domin da an kai iyaka malloc kanta za ta fara gazawa.

Bayan fork, wato manhaja ta haifi kwafin kanta, ɗan da aka haifa ba ya gadon kullewar, execve ma, mai maye gurbin manhajar da wata, tana share ta.

Ga masu sirri, mlock kaɗai ba ta isa ba. Idan kwamfuta ta shiga barcin da ake kwashe RAM duka zuwa faifai, shafin da aka kulle ma yana tafiya. Haka fayil ɗin core, kwafin ƙwaƙwalwar manhaja da ake rubutawa idan ta faɗi, sai an ware yankin da madvise da MADV_DONTDUMP. Kafin munlock a goge bayanan da explicit_bzero, domin mai harhaɗa lamba, wato compiler, yakan cire memset, umarnin da aka saba gogewa da shi, idan ya ga ba za a sake karanta wurin ba. Yawan abin da aka kulle yana layin VmLck a cikin /proc/PID/status, inda PID ke nufin lambar manhajar da ke gudana.