Yaushin ganye da rana ba mutuwar shuka ba ne

An daɗe ana cewa a lambunan Zariya, idan ganyen tumatir ya yi yaushi ko na masara ya nannaɗe da tsakar rana, to shukar ta kama hanyar mutuwa, sai a yi ta ɗura mata ruwa. Sau da yawa ba haka ba ne.

A jikin ganye, musamman ƙarƙashinsa, akwai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, kowace da ƙwayoyin halitta biyu masu gadinta. Ta nan fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ke ficewa. Idan ƙasa ta fara bushewa, wani sinadari da shuka ke haɗawa da kanta, mai suna ABA, yakan ƙaru a ganye, masu gadin su saki ruwansu su saɓule, ƙofa ta rufe. Shukar tana tattalin ruwa ke nan, ko da yake girmanta na raguwa, tunda iskar da take haɗa abinci da ita ma ta nan take shiga.

Ku duba bayan asuba. In ganyen ya miƙe, lafiya lau. In bai miƙe ba, ku tona ƙasar da yatsa: in busasshiya ce, ƙishirwa ce; in jagab take, ruwa ya yi wa saiwa yawa ko cuta ta kama ta.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu noman rani.